Mangwaron da Na Sare da Hannuna

Da saukar ruwan farko na bana shekara ashirin da biyar ke nan cif tun ranar da wani soja mai ɗingishi ya sauko daga motar Malumfashi, ya dire akwatin ƙarfe a ƙofar gidanmu, ya tuɓe hula. Akwatin ɗana ne. Shi ɗan ba a kawo shi ba, kuma har yau ba wanda ya nuna mini inda aka kwantar da shi. Ba ni da kabarin da zan je in tsaya a kansa. Abin da ya rage mini itatuwa ne, su ma yawancinsu a gidajen mutane suke.

Waɗanda suka san ni a ƙasar Kafur sun san ba na tauna magana. Na gaya wa mai unguwa gaskiya a gaban jama'arsa. Na taɓa gaya wa mai awon auduga cewa sikelinsa ya fi shi tsoron Allah. Amma sau ɗaya na yi ƙarya mai nauyi a rayuwata, kuma ɗan cikina na yi wa. Ita nake so in kwance yau a gaban masu karatu, tunda wanda ya kamata ya ji ba ya nan.

Ɗan fari ne. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan magana ba. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yaba masa, ba ta yi masa dariya a gaban mutane. Ko da muka karɓi bishara muka bar abubuwa da yawa na kakanni, wannan kunyar ba mu bar ta ba. "Kai" nake ce masa. In ina ba da labarinsa sai in ce "yaron nan". Kakarsa ta wajen uba ita ce mai bakin wasa da shi, "maigidana" take ce masa, tana gorinsa wai ya aure ta ya kasa yi mata zane. Ni nawa ido ne daga nesa.

A makarantar mishan ta ƙauyenmu ya yi karatu, a shekarun da aka samu 'yancin kai. Shugaban makarantar wani siririn mutum ne mai tsohon keke, Malam Bulus. Yana da wata doka da ta sha masa zagi. Daga aji huɗu, kowane yaro da yarinya sai ya riƙe wata 'yar sana'a tasa ta kansa, ba ta makaranta ba, ba ta ubansa ba. Abin da ya samu nasa ne, sai dai a ciki zai sayi littafinsa da sabulun wankin rigarsa. Wasu suka kama kiwon kaji, wasu tufkar igiya, 'yan mata suka shiga ƙuli-ƙuli da saƙar hula. Iyaye muka yi ta guna-guni, muna cewa mun cire yara daga gona don su zama akawu, ga shi an mayar mana da su 'yan tireda. Malam Bulus ba ya musu da kowa. Abin da yakan ce kawai, takarda ba ta korar yunwa sai hannu ya taya ta.

Yaron nan ya zaɓi abin da ba wanda ya zaɓa. Wani malamin gona ya zo makarantar sau biyu ya nuna musu yadda ake auren mangwaro. Yara suka kalla suka manta, shi ya riƙe. Ga waɗanda ba su sani ba, ga yadda abin yake. Za ka shuka ƙwallon mangwaronmu na gida, mai zaren nan da ke maƙale wa mutum a haƙori, don shi ne mai juriyar fari. In ya yi kaurin yatsa sai ka yanke kansa da reza, ka tsaga shi, ka sako ɗanyen reshe daga itace mai daɗi ka cusa a tsagar, ka ɗaure da rama, ka shafe da kakin zuma. In ya kama, gindi na gida ne, sama kuma na baƙo, 'ya'yan su fito manya ba zare. Reshen daɗin kuwa sai ya taka har wani lambu kusa da Malumfashi ya roƙo, ya naɗo shi a jiƙaƙƙen tsumma.

Uban ya ba shi wani ɗan gefe a fadama. Ya kewaye shi da ƙaya, ya jera dashensa a cikin gwangwanaye da fasassun tukwane. Yana da abokin aiki, Sale, ɗan Musulmin maƙwabtanmu, ajinsu ɗaya. Su biyu suke ban ruwa da tulu duk tsawon rani, kafin a buga ƙararrawa da bayan an tashi. Na farkon da ya kama aure bai sayar ba. Ya kawo shi gida ya dasa a bayan ɗakina, daidai inda nake zubar da ruwan wanke-wanke. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba.

Yau in na ji ana gardama wai sana'a tana hana yaro karatu, sai in tuna abin da idona ya gani. Yaron da da sai an zuba masa ruwa yake tashi, ya koma riga zakara tashi. Lissafin da yake kawo masa bulala ya zama abin wasansa. Ya koyi tsayawa gaban dattijo ya faɗi farashinsa ba rashin kunya ba kuma rawar murya. Ya koyi cewa cikin goma da ka aura huɗu za su mutu, kuma ba a zama a yi musu kuka. In ya sayar wa mutum dashe ya bushe kafin wata, sai ya kai masa wani kyauta, har uban yana ce masa wawa. Shekara uku bai tambayi kowa kuɗin littafi ba. Ya yi wa kakarsa zanen da take gori a kai, ta ɗaura ta zagaya unguwa tana guɗa. Ni ma ya sayo mini kallabi, ya ba ƙanwarsa ta miƙo mini. Na karɓa na jefa a cikin kwalla kamar ban gani ba. Yana nan har yau.

To me ya kai ni ga gatari?

Akwai wata magana da muka tashi muka tarar. Wai duk wanda ya dasa itacen marmari da hannunsa, ranar da kaurin itacen ya kai kaurin wuyansa, ranar ƙasa za ta kira shi. Shi ya sa a da ba ka ganin saurayi yana dashe. Aikin tsofaffi ne waɗanda suka riga suka ci rabonsu, ko kuwa a bar wa tsuntsu da jemage su yar da ƙwallo ya fito da kansa. Ranar da ya dasa na bayan ɗakina, kakarsa ta ja ni gefe ta ce, "Saratu, kina kallo kika ƙyale? Haka wana ya yi, bai ga auren fari ba." Na ce mata mu masu bi ne, mun bar wannan. Da ƙarfi na faɗa, don mata su ji. Amma maganar ta shige ni kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai a takarda. Na tsinko zare daga mazarina. Duk ranar da na wanke rigarsa ta makaranta sai in auna wuyan rigar in ƙulla. Sa'an nan in zagaya bayan ɗaki kamar mai zubar da ruwa, in naɗa zaren a jikin itacen. Shekarar farko zaren ya zagaya har sau uku. Ta biyu ya zagaya sau ɗaya da rabi. Itacen yana shan ruwan wanke-wankena yana ƙiba, ni ina ramewa. Ni da ke zama a layin gaba a majami'a, ni da na yi wa wata dariya don ta ɗaura wa jaririnta laya, wa zan gaya wa? In je wa Malam Bulus da zare mai ƙulli? In ce wa yaron ina jin tsoro a kansa, alhali ko sunansa ba na iya faɗa?

Yana aji bakwai ya ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai. Mutum biyu kawai suka ci a makarantarsu. Ana bukatar kuɗin shiga da akwati da tufafi da na mota, audugar ubansa kuwa tsutsa ta gama da ita a shekarar. Yaron ya ce kada kowa ya damu. Yana da dashe cike da fadama, ya fi na kowace shekara, ruwan farko kawai yake jira, don lokacin ne mutane ke saye.

Ana cikin bazara na je kasuwar Kafur da daddawa. Wata mai sayar da gishiri, wadda muka daɗe ba ma shan inuwa ɗaya, ta ɗaga murya don na kusa su ji.

"A'a, ga uwar mai ceto! Saratu, ki gaida mana ɗanki, Allah ya yi masa albarka."

Na ce, "Ceton me? Faɗi abin da ke bakinki, ba na son kewaye-kewaye."

"Au, ba ki sani ba? Ai ba dashe kaɗai yake sayarwa ba. In ka ƙara masa ɗan abu, shi zai zo har gida ya haƙa ramin ya dasa da hannunsa. Namu uku ya dasa mana. Maigidana ya ce ai gara wuyan ɗan boko da nasa."

Matan wajen suka kwashe da dariya. Ni da ba a taɓa kayar da ni a baki ba, ranar na kwashe daddawata na bar kasuwar. Ashe abin da ya sa cinikinsa ya fi na kowa ke nan. Mutane suna son mangwaro mai daɗi, suna tsoron dasawa, shi kuwa ya mayar da tsoronsu kasuwa. Daga baya Sale ya gaya mini dariya abin yake ba su, har suna cewa in maganar gaskiya ce ai da Turawan mishan sun ƙare. Ni ban ga abin dariya ba. Abin da na gani, gida-gida daga nan har hanyar Danja akwai itace yana girma da wuyan ɗana a cikinsa.

Na koma gida na ɗauko zaren. Saura bai fi faɗin yatsa biyu ba ƙulli ya haɗu.

Washegari da hantsi, yara suna makaranta, maza suna sharar gona, na ɗauki gatari na sare itacen bayan ɗakina ƙasa-ƙasa. Na kwance awakina bakwai na kora su fadama, na janye ƙayar da hannuna. Bazara ce, ba ɗanyen ganye ko'ina. Na tsaya ina kallo har suka gama. Abin da ba su ci ba suka tattake. Ba zan ce shaiɗan ne ba, kamar yadda mutane ke cewa in sun yi abin kunya. Da hankalina na yi. A raina cewa nake na fanshi ɗana.

Da ya dawo ya fara zuwa fadama, kamar kullum. Sa'an nan ya shigo gida, ya ga itacen a kwance. Ya tsaya a tsakar gida da tulu a hannu.

"Inna, awaki sun shiga lambuna."

"Ba shiga suka yi ba. Ni na kai su."

Ya daɗe yana kallona. "Me na yi miki?"

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma biyar ta isa: ina tsoron kada ka mutu. Sai na ji kaina ina cewa, "Na kai ka boko ka zama malam, ba mai wasa da taɓo kamar maginin tukunya ba. Ka ishe mu da abin kunya, yawo gidajen mutane kana haƙa rami kamar ɗan ƙodago."

Ƙaryar ke nan. Ban taɓa jin kunyar aikinsa ba, ko sau ɗaya. Amma raini ya fi sauƙin fita daga bakina a kan tsoro, don raini ba ya tona asirin uwa. Ya ajiye tulun a hankali, kamar mai gudun kada ya fashe, ya fita.

Uban ya yi faɗa, Malam Bulus ya zo har gida ya zauna ya ce, "Haba, Saratu." Bayan kwana biyu na ja awaki uku zan kai kasuwa don a biya kuɗin kwalejin. Yaron ya tare ni a ƙofa ya ce, "Ki bar su, Inna. Ba zan yi karatu da naman da ya ci aikina ba." Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan nan a nonona ya sha shi. Na ce to kada Allah ya sa ka yi. Lokacin shiga ya zo ya wuce, aka ba wani gurbinsa.

Ya tafi Funtua. Ya yi dako a tasha, ya yi lodin auduga lokacin kaka, ya yi yaron mota. Shekara biyu ba ya zuwa gida sai Kirsimeti, ya gaishe ni a tsugune yadda ya kamata, ya tashi. Bai sake taɓa reza ba. Da yaƙin basasa ya tashi aka shiga ɗibar samari, sai labari muka ji ya ba da sunansa. Gudun gara na yi, na faɗa gidan zago. Na raba shi da ƙasar da ke ba shi abinci don kada ta cinye shi, na miƙa shi ga wata ƙasar da ban ma san sunanta ba.

Yakan rubuto wasiƙa. Malam Bulus ke karanta mana, shi ke rubuta amsa. In an zo kaina sai in ce, "A gaya masa muna lafiya, ruwa ya sauka, dawa ta yi kyau." A wasiƙa ta uku ya sako wata magana a ƙarshe. Malam Bulus ya karanta ta da ƙaramar murya: "A tambayi Inna ko kututturen bayan ɗaki ya yi toho. Har yanzu ina tunani, ban gano abin da itatuwan nan suka yi mata ba." Malam ya ɗaga fensir yana jirana. Uban yana zaune, ƙannensa suna zaune. Na ce, "A ce masa ya yi toho." Shi ke nan abin da na iya.

A makon nan na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata a majami'a bayan azahar. Ina da 'ya'ya bakwai, hannuna ya saba da taɓarya, alli yana karyewa a yatsuna. Mata suna cewa Saratu za ta zama akawu da tsufa. Ban kula su ba. Ba don in karanta Littafi na shiga ba, Allah ya gafarta mini, ba kuma don sanin awon auduga ba. So nake in rubuta magana ɗaya wadda ba za ta bi ta kunnen kowa ba kafin ta isa gare shi. Na yi shekara ɗaya da watanni kafin hannuna ya iya. Na rubuta ta, layi tara, karkatattu kamar kunyoyin da makaho ya yi a gona. Na gaya masa zancen zaren. Na gaya masa zancen mai gishiri. Na sa sunansa a sama, karo na farko. Na kai gidan waya na Malumfashi da ƙafata.

Da sojan nan ya tafi muka buɗe akwatin. Akwai bargo, da Sabon Alkawari, da reza guda a naɗe cikin takarda. A saman kayan ga wasiƙata, a liƙe yadda na liƙe ta. Ta isa bayan shi.

Shekaru ashirin da biyar. Nakan zauna in ce, da zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga ana jera dashe a baƙar leda a bakin titin Funtua, mata da maza suna saye suna dasawa da hannunsu, ba wanda ke taɓa wuyansa. Zai ji hukuma da kanta tana roƙon mutane a rediyo su dasa itace. Ina jin zai yi dariyar nan tasa ta gefen baki. Amma zai ga wani abin da ba zai ba shi dariya ba. Zai ga samari da takardun da suka fi wadda ya rasa, suna yawo ofis-ofis da ambulan har takalmi ya cinye, in sun gaji su zauna a gindin itacen da wani ya dasa suna zagin zamani. Ka tambayi ɗayansu abin da hannunsa ya iya, sai ya nuna maka biro. Makarantun kuma sun bar dokar irin ta Malam Bulus. Yaro ya shekara goma sha biyu a aji bai taɓa sayar da ko ƙwai ɗaya da ya zama nasa ba, bai san zafin asara ba, bai san daɗin a ce masa "kayanka na da kyau" ba. Sa'an nan a sake shi a ce ya nemi na kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kowa ya sani. Abin da ɗana ya ƙara mini, tun yana ɗanye ake yi masa aure, in ya tsufa ba ya kamawa.

Kada a ce ina goyon bayan a ɗora wa yara tire a hana su aji don uwa ta tara kayan ɗaki. Wannan ba sana'ar yaro ba ce, bautar da shi ce. Abin da nake magana a kai, abu ne nasa, wanda shi ya zaɓa, shi ke tunaninsa, ribarsa da faɗuwarsa duk a kansa, karatunsa kuma yana tafiya. Mu iyaye kuma mu san cewa ba kullum ne abin da babba ya hango ya fi na yaro ba. Wani lokaci abin da babba ya hango inuwarsa ce kawai.

Sale bai bar reza ba. Shi uwarsa ba ta da awaki, ko kuwa ta fi ni hankali. Bai wuce aji bakwai ba, amma yau Alhaji Sale ne, lambunansa suna wajen Danja, motoci ke ɗibar kayansa, 'ya'yansa har da likita. Ya dasa itatuwan da ba su ƙirguwa, wuyansa kuwa sai ƙara kauri yake. Duk shekara yakan kawo mini kwandon mangwaro da kansa. Bara na kasa daurewa na tambaye shi.

"Alhaji, tsakaninka da Allah. Abokinka ya taɓa gane dalilina?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara hula. "Ai Inna, ina jin ya gane. Yaro ne mai hankali."

"Ƙarya kake, Alhaji. Da ya gane da bai tambaya a wasiƙa ba."

Sai ya ce, "Gaskiya ne, Inna. Bai gane ba. Amma bai taɓa zaginki a gabana ba."

Na ce Allah ya saka masa, ta biyun ta fi ta farkon amfani a wurina.

Kututturen bayan ɗakina ya yi toho, kamar yadda na aika masa. Amma na sare shi ƙasa da inda aka yi auren, don haka gindin gida ne ya tashi. Yau babban itace ne, ya rufe rabin gidan, 'ya'yansa ƙanana masu zare. Na mutane kuwa, waɗanda ya dasa musu a kan ɗan abin da suka ƙara, suna nan suna zubar da manya masu zaƙi. Gidan mai gishirin nan ukunsu duk suna tsaye, jikokinta ke sayarwa a bakin hanya. In na bi ta wajen nakan san nasa, don yana da yadda yake karkata auren, tabon yana nan a jikinsu kamar shasshawa. Jikokina suna ce mini in bari a sare nawa a sake aura shi. Na hana. Wannan shi ne rabona, shi nake sha, ina zare zarensa daga sauran haƙorana.

Shekara goma da suka wuce wata malama a makarantar ƙauyenmu ta sa 'yan ajinta suka yi 'yar gonar dashe. Na je da kaina. Wata 'yar yarinya ta faɗa mini kuɗin dashe ɗaya, na biya ban nemi ragi ba, na ce mata kayanta sun yi kyau, na tambayi sunanta na kira ta da shi. Ban taɓa sayen ko ɗaya a hannun ɗana ba. Na kawo dashen gida na haƙa ramin, na dasa da hannuna, na ce in maganar gaskiya ce to ga wuyana. Na ci gaba da aunawa da tsohon zaren nan. Kaurinsa ya wuce wuyana shekara shida ke nan, ga ni ina cin tuwo, ina faɗa da jikoki.

Abin da ya rage na ɗana ke nan: inuwa a gidajen da ba su san shi ba, da reza a cikin takarda, da uwa wadda ta iya rubutu a makare. Wasiƙar tana nan a liƙe, ban buɗe ba, don ba tawa ba ce. Amma abin da ke samanta zan iya sake rubutawa, kowa ya karanta, kunya ta ci kanta.

Sunansa Iliya. Ni na haife shi. Aikin hannunsa ya yi kyau.